Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yaron da ba shi da jiha

Makon jiya na tsaya a inda kuɗin ciyarwar ƙungiyarmu ya ƙare, har na sayar da 'yan kunnen gwal ɗina na biya hayar ofis. Ban gama farfaɗowa ba korona ta shigo.

A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano, ba shiga ba fita, ga azumi ya kama. A daidai lokacin gwamnonin Arewa suka yanke shawarar a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka nemi ƙungiyoyi irin tamu su taimaka da rajista, na ɗauki ma'aikatana biyu muka tafi da takunkumi a fuska.

Takardar layi huɗu ce: suna, sunan uba, ƙaramar hukuma, jiha. Manyan yaran ba su ba mu wahala ba. Sai layi ya zo kan wani ɗan mitsitsi da bai wuce shekara bakwai ba, robar bara a hammata, ya rungume allonsa kamar za a ƙwace.

"Yaro, ya sunan babanka?"

"Baba."

"To, ina ne garinku?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Mama, gidanmu yana bayan kuka, kusa da rijiya."

Jami'in da ke gefena, wanda azumi da rana suka riga suka gasa, ya ce in rubuta Jigawa kawai, motarsu akwai sauran wuri. Na ajiye biro na ce wallahi ba da hannuna ba.

Dole ta sa na nufi tsangayar da aka kwaso shi, ƙafata tana nauyi. Dalili kuwa, shekara biyu kafin nan na shiga rediyo na yi kaca-kaca da malaman allo, na ce ba su ma san yaran da ke hannunsu ba. A lokacin kaina ya cika da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Kano ba ta yi tata ba sai 2023, ina ganin duk wanda bai haddace ta ba abokin gaba ne.

Na tarar da Alaramma a zaure kan buzu, tsangayar wayam, tokar wutar karatun dare ta huce. Na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, alfarma na zo nema."

"Hajiya ta rediyo ce? Bismillah."

Ashe ya gane muryata. Bai ƙara ko kalma a kan wancan zance ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. Ya jawo gafaka ya zaro wani littafi da bangonsa ya sha hannu har ya yi baƙi. A ciki, da ajami, sunan kowane yaro ne, da na mahaifinsa, da ƙauyensu, da watan da aka kawo shi, da wanda ya kawo shi. Mu da muke taƙama da kwamfuta uku ba mu da rabin wannan.

Ya bi layi da yatsa ya tsaya. Yaron daga wani ƙauye yake a ƙasar Tasawa, jihar Maraɗi, a Nijar. Kawunsa ne ya kawo shi bayan girbi. Iyakar ƙasa kuwa a rufe take tun watan Agustan 2019, korona ta ƙara mata kwaɗo.

Ba motar da za ta kai shi gida, tsangaya kuma an hana zama. Ana kiran magariba na shiga gidana riƙe da hannunsa. Maigidan yana tsakar gida da kofin kunu, ya dube ni, ya dubi yaron, ya ajiye kofin.

Abin da ya ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.