Na ajiye motata a Kubwa, sai na ga yadda Abuja ke kallon mai tafiya a ƙasa

Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a Abuja. A Kubwa nake zaune, a Wuse nake aiki, don haka da na ga man fetur na cinye abin da ya kamata ya shiga tukunya, sai na lulluɓe motata da tampol na koma shiga ta haya.

Matsin tasi, mutum huɗu a baya biyu a gaba, abu ne da jiki ke sabawa da shi, kuma tsoron 'yan wan cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota da sunan haya su yi masa fashi, ya koya mini in riƙa hawa a tasha maimakon tsayar da kowace mota a bakin titi. Da jirgin ƙasan cikin gari ya dawo aiki a watan Mayun 2024, kyauta a lokacin, na hau daga tashar Gbazango da ke Kubwa, na sauya jirgi a tashar Idu, na sauka a tsakiyar birni cikin natsuwa. Daga nan ne wahalar ke farawa, domin tun 2006 aka hana acaba a cikin birni, Keke Napep ma ba ta hawa manyan tituna, saboda haka ragowar tafiyar sai da ƙafa, a gefen titi mai faɗi inda masu motoci suka mayar da hanyar mutane wurin ajiye mota, kuma ba direban da ke rage gudu don ya ga mutum tsaye a kan zanen tsallaka titi.

Duk wannan na yi tsammaninsa. Abin da ya zo mini ba zato, kuma har yau yake ci mini rai, shi ne yadda darajata ta ragu a idon mutane alhali ban canza komai ba sai abin hawa. Akwai wani ofishi da na saba shiga da mota, maigadi na ɗaga mini hannu yana “ranka ya daɗe” kafin ma in sauke gilashi. Ranar da na iso a ƙasa, takalmina ya yi buɗu-buɗu da ƙura, gumi ya jiƙa wuyan kaftanina, wannan maigadin dai ya tare ni ya ce, “Malam, wajen wa ka zo?” Bai gane fuskata ba sam, motar ya sani. A gida kuma surukina ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a, ya sassauta murya ya ce, “In wata matsala ce ta same ka ka faɗa mini, mu rufa wa juna asiri.” Na yi masa bayanin lissafin mai dalla-dalla, ya saurara cikin ladabi, amma na ga alama ya tafi da yaƙinin cewa karayar arziki ce nake ɓoyewa.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa tsadar mai kaɗai za ta raba mutanen Abuja da mota. Tsarin birnin na 1979 ya ware hanyoyi don sufurin jama'a, amma titunan motoci aka fi mayar da hankali a kansu, aka bar yawancin ma'aikata a Kubwa, Nyanya, Karu, Lugbe da Mararaba suna kwararowa kowace safiya. A irin wannan gari, wanda aka gani a ƙasa ana ɗauka bai samu ba ne, kuma magidanci zai gwammace ya ci bashin kuɗin mai da a ce ya faɗi.

Ga mai niyyar gwadawa, ya fara taka hanyar da ke tsakanin tasha da wurin aikinsa da ƙafa ranar hutu, ya ajiye takalmin ofis a ofis, ya kuma sanar da iyalinsa da surukansa tun da wuri, domin tambayoyinsu sun fi rana gajiyarwa.

Da damina ta sauka na cire tampol, na haɗa kai da maƙwabta muna karɓa-karɓa, kowa ya fito da motarsa mako guda ya kwashi sauran. Kuɗin mai ya ragu ƙwarai. Sai dai ɗaya daga cikinmu ya janye tun ba a je ko'ina ba, wai abokan aikinsa sun fara tambayarsa dalilin da ya sa ake rage masa hanya.