Taguwar yadi mai roba: ɗinkin azahar zuwa la'asar

Ki ɗauki yadi mai roba, irin na tishat, ki zaga da shi shagunan ɗinki daga unguwar Nima har Mamobi a Accra, ki ga yadda fuskoki ke canjawa. Telar da za ta fitar miki da kaba, wato rigar mata ta atamfa, ido rufe, ita ce za ta ce miki, "Anti, kekena ba ya cin irin wannan." Ni kuwa na ce ƙage ake yi wa keken. Hannunmu ne ya saba da atamfa da shadda, masu zama inda aka ajiye su. Alhali a duk abin da nake ɗinkawa a shagona babu mai sauƙin taguwar yadin roba. Ba zif, ba maɓalli, ba shafi a ciki. In na yanka bayan azahar, kafin a kira la'asar yarinya ta saka abinta.

Bambancin yana wajen saƙa. Atamfa zare ne tsaye da zare kwance, shi ya sa in an yanka bakinta ke zarewa. Yadin roba kuwa madaukai ne, kowane ya sarƙe cikin ɗan uwansa. Saboda haka yake miƙewa, kuma ko kin bar bakinsa haka nan ba ya warwarewa, sai dai ya nannaɗe. Kafin ki sa almakashi, ja shi ta faɗi, ki ja shi ta tsawo. Ɓangaren da ya fi miƙewa shi ne zai zagaye jiki. In aka juya shi, rigar za ta matse ƙirji, tana kuma ƙara tsawo duk wanki.

Yadin sabo akwai shi a kasuwar Makola, kuma yawanci faɗinsa ya kai inci 58 zuwa 60, ya fi na atamfa nesa ba kusa ba. Yadi biyu ya ishi babbar mace har da canji, yarinya 'yar shekara huɗu kuwa ko ɗaya ba za ta cinye ba. Amma na yara ni kasuwar gwanjo ta Kantamanto nake nufa. Ana ƙiyasin tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar nan kowane mako, kuma ko bayan gobarar da ta cinye yawancinta a farkon Janairun 2025, 'yan kasuwa sun sake kafa rumfunansu, dila na ci gaba da sauka. Abin da nake nema shi ne manyan tishat na maza, irin waɗanda Turawan Amurka masu jiki suka yar, waɗanda a nan ba su da mai saye sosai saboda girma. Guda ɗaya tana ba ni taguwar yarinya cif. Kuma ga garaɓasa: kalmasar ƙasa an riga an yi ta da injin masana'anta, sai in jera awona yadda ƙasan tishat ɗin zai zama ƙasan taguwar. Robar wuyanta ma ba na yarwa, farke ta nake in rage mata tsawo.

A zafin Accra kada ki yarda a haɗa ki da yadin da zarensa roba ne zalla, ba auduga ba, yaro zai yi ta ƙuraje. In kina shakka, ki yanki ɗan ƙyalle a gida ki kai masa ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi, tana warin takarda. Roba narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri. Sannan a wanke yadin a shanya kafin yanka, don na auduga yana shiga ruwa yake tsukewa.

Yankan ba ya bukatar takardar awo. Ɗauko rigar da ta zauna wa mai ita daidai, ninke ta biyu a tsaye, ɗora ta kan yadin da shi ma aka ninke, ninki kan ninki, ki bi gefenta da alli kina barin rabin inci na ɗinki. Hannun nake fitarwa tare da jikin rigar, daga kafaɗa ya zarce, don haɗa hannu daban shi ke cin lokaci. Daga hammata sai ki buɗa layin a hankali har zuwa gwiwa. Mu matan zango ba ma son abin da zai lafe a jiki, don haka na manya nakan ƙara inci biyu kowane gefe, in bar 'yar tsaga a ƙasa saboda hawa trotro, wato motar haya, da zaman tahiya. Ƙyalle biyu ke nan, gaba da baya. Wuyan gaba ya ɗan fi zurfi.

To wuyan nan shi ne dukan aikin, kuma nan ne nake tsaya wa yarana masu koyo a kai. Suna ganin rigar jariri ƙarama sai su yanka wuya ɗan mitsitsi. Ai kan yaro ba ya bin girman jikinsa. Ɗan shekara biyu zagayen kansa wajen inci 19 ne, na babba kuwa wajen 22, duba ki ga ɗan tazarar da ke tsakani. Kullum sai na ce wa ƙaramar cikinsu, "'Yata, auna kan tukuna, ƙirjin ba ya gudu." Bayan kin haɗa kafaɗu, auna zagayen wuyan, ki yanki ƙyalle mai faɗin inci 2 ta ɓangaren da ke miƙewa, tsawonsa ya gaza na wuyan. In wuyan inci 20 ne, ƙyallen ya zama 17. Haɗa bakinsa biyu ya zama zobe, ninke shi a tsawonsa, ki raba shi kashi huɗu, ki raba wuyan rigar ma huɗu, ki kama alama da alama. Wajen ɗinki ƙyallen kaɗai za ki ja har ya kai, rigar kuwa ki bar ta ta huta. Wannan gazawar ta inci uku ita ke sa wuya ya kwanta luf. In kika yanka su daidai wa daida, wuyan zai yi ta hangame kamar bakin kwando.

Saura allura da keke. Allurar atamfa tsini gare ta, tana huda zaren saƙar, bayan wanki biyu sai ki ga ƙananan ramuka a bin ɗinki. Ki tambayi masu kayan keke allurar yadin roba, mai ɗan dunƙulallen baki, lamba 11 ko 12, wadda ke ratsawa tsakanin madaukai. Zare kuma na roba ya fi na auduga jure ja. Mai keken lantarki ta sa shi a zigizag siriri, ta bar haƙoran keken su ja yadin da kansu. Mai keken Butterfly na hannu ko na ƙafa, wanda miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya sani, ita ma ba a bar ta a baya ba, kuma ranar da aka ɗauke wuta ita ce sarauniya. Ta ƙara tsawon taku, ta ɗan miƙa yadin kaɗan yayin da yake wucewa, ta bi layin sau biyu a wuya da hammata, don can ne zare ke tsinkewa in yaro ya fizge rigar ta kai. In keken yana haɗiye bakin yadi a farkon layi, shimfiɗa fallen tsohon littafin makaranta a ƙarƙashi, ki ɗinka tare, ki yage shi daga baya.

Ɗinkin gefe layi ɗaya ne daga bakin hannu, ya zagaya hammata, ya sauka ƙasa. A kafaɗar na manya nakan saka siririn ƙyallen atamfa cikin ɗinkin, don nauyin doguwar riga yana janyo kafaɗa ta zube. Kalmasa kuwa, in ba ta gwanjo kika gada ba, ki ninka sau ɗaya ki goge da dutsen guga mara zafi sosai kafin ki taka. Na wasan gida ma sau da yawa ba na yi musu, haka nake barin bakin ya nannaɗe abinsa.

Wata Hajiya maƙwabciyata da ta yi wa jikokinta guda biyar lokacin hunturu, masu dogon hannu na zuwa makarantar allo da asuba, ta dawo tana ƙorafi wai rigunan sun yi kunnuwa a kafaɗa. Da na leƙa gidan sai na tarar an maƙale su jiƙe a igiya ta kafaɗun. Na ce, "Hajiya, a riƙa rataya su ta tsakiya, rabi nan rabi can, kuma a inuwa." Na karɓo su na jiƙa, na shimfiɗa a tabarma suka bushe, kafaɗun suka koma yadda suke.