Rubutun da Ya Kife a Kan Layi: Batun Alkibla a AutoCAD

Karon farko da na ƙirƙiri salon layi na kaina a AutoCAD, manhajar zanen gine-gine da injiniya, na yi shi ne domin taswirar bututun ruwa, kuma na saka kalmar RUWA tana maimaituwa a cikin layin. A fuskar kwamfuta ban ga wani aibu ba, domin na nesanta zanen har haruffan sun zama kamar ɗigo. Sai da aka buga shi a takarda na lura cewa kusan rabin kalmomin a kife suke, ƙafa sama kai ƙasa. Na daɗe ina zargin fayil ɗin da na rubuta kafin in gane cewa laifin yana hannuna, wato a gefen da na fara jan kowane layi.

Kowane layi a manhajar yana da mafari da ƙarshe, ko da ido ba ya ganin bambancin. Wanda aka ja daga hagu zuwa dama da wanda aka ja daga dama zuwa hagu kama ɗaya suke matuƙar babu komai a cikinsu sai tsinke da giɓi, amma da zarar an cusa rubutu ko alama, alkiblar da ke ɓoye sai ta fito fili. Tun fitowa ta 13, a shekarar 1994, kamfanin Autodesk ya ba da damar saka rubutu da siffofi cikin salon layi, kuma bayanin yana zama ne a fayil mai ƙarshen suna .lin, wanda kowace manhajar rubutu mai sauƙi ke iya buɗewa. Ga yadda nawa yake yanzu:

*RUWA,Bututun ruwa
A,.5,-.25,["RUWA",STANDARD,S=.1,U=0,X=-.18,Y=-.05],-.25

Lamba ba tare da alamar ragi ba tsawon tsinke ce, mai alamar ragi kuwa giɓi ce. STANDARD sunan salon rubutu ne, S yana nuna girman rubutu, X yana matsar da shi tare da layin, Y kuma yana ɗaga shi ko sauke shi. Shi ya sa ake ba Y rabin girman rubutun da alamar ragi, don kalmar ta zauna a tsakiyar layin.

Harafin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na juyi, wanda ke zama a gurbin U=0, kuma iri uku ne: R, A da U. R yana auna kusurwa daga layin kansa, saboda haka rubutun yana bin layin duk inda ya nufa, har da kifewa idan ya nufi hagu. Wannan ne ya kayar da ni. A (ba wanda ke farkon layin bayanin ba) yana auna kusurwa daga ginshiƙin kwance na zanen baki ɗaya, ta yadda rubutun zai tsaya a kwance ko da layin ya miƙe tsaye, kuma matsalarsa ita ce giɓin da aka bar masa yana bin layi shi kuwa ba ya bi, sai kalma mai tsawo ta gicciye layin kamar an yi kuskure. Yana da amfani ga harafi ɗaya tak ko alamar da ba ta da gaba da baya. U ya zo daga baya, a fitowar 2011, kuma shi ne ke bin layin amma ya juya rubutun domin ya karantu ko ta wane gefe aka ja shi. Ana rubuta kusurwar da digiri, sai dai in an ƙara harafin r ko g don ma'aunin radian ko grad.

Da na samu U, sai na ɗauka magana ta ƙare, na bi duk salon layukan da nake da su ina sauya R. Wannan ganganci ne. Akwai layin da ake karantawa, akwai kuma layin da yake nuni, kuma bai kamata a yi musu magani ɗaya ba. Kibiyar da ke nuna inda ruwa ke gangarawa a magudana, ko 'yan haƙoran da ke gefe ɗaya na layi don nuna ɓangaren da ƙasa ta gangara, ma'anarsu gaba ɗaya tana cikin alkiblar layin. Idan aka bar manhaja ta juya kibiya don ta yi kyan gani, za ta iya nuna wa mai haƙa rami cewa ruwa yana hawa tudu, alhali takardar tsaf take babu abin da zai sa a yi shakka. Rubutun da ya kife aƙalla yana tona kansa. A irin waɗannan layuka R ne daidai, kuma mai zane ne zai ɗauki nauyin alkiblar: ya ja layin daga tudu zuwa gangare, in kuma ya kuskure ya yi amfani da umarnin REVERSE, wanda ke musanya mafari da ƙarshe ba tare da layin ya gusa ba. Ya tuna cewa abin da Y ya ɗora a hagun layi zai koma ɗaya gefen bayan musanyar.

Baka, wato yanki na da'ira, da ita kanta da'irar suna da nasu taurin kan, domin manhajar tana lissafa su ne saɓanin juyin hannun agogo, kuma REVERSE ba ya aiki a kan baka kai tsaye. Dabarata ita ce in mayar da bakan layi mai gaɓoɓi da umarnin PEDIT, sannan in juya shi. A kan irin wannan layin kuma akwai saitin PLINEGEN: idan yana kan 0, salon yana sake farawa a kowace gaɓa, har gajerun gaɓoɓi su rasa rubutu gaba ɗaya, idan yana kan 1, sababbin layuka suna ɗaukar salon a jere daga farko zuwa ƙarshe.

Abu ɗaya da ya ɓata mini yini guda shi ne, gyara fayil ɗin .lin ba ya taɓa zanen da aka riga aka yi, domin zanen yana riƙe da nasa kwafin bayanin a cikinsa. Dole ne a buɗe umarnin LINETYPE, a sake loda salon, a amince ya maye gurbin tsohon, sannan a ba da umarnin REGEN, mai sabunta zanen a fuskar kwamfuta, kafin kalmomin su miƙe.