Ranar awo, da maganar gwajin sikila

Talata, bayan isha'i.

Yau na je awo, ciki ya shiga sati na 11. An auna jinina, an karɓi fitsari, an ɗebi jini na gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, duk ban damu ba. Sai da likita ta ga AS a katina, wato ina ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba ni da ciwon, ta tambayi na maigida, na ce shi ma AS ne, sannan ta ajiye biro ta gyara zama.

An ɗaura aurenmu kafin dokar Kano ta 2024 da ta wajabta gwaji kafin aure, sai a cikin fari muka sani. Allah ya rufa asiri, yarinyar ta zo AA, ba ta gaji sikila ba. Amma likita ta tuna min cewa kowane ciki da lissafinsa, ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa SS, wato mai ciwon sikila, kuma sa'ar na baya ba ta rage wa na gaba komai.

Ta ce ana iya ganowa tun yanzu. Ana sa siririyar allura, ana kallo ta na'urar sikanin, a ɗebo ɗan tsoka daga mabiyiya tsakanin sati 11 da 14. In lokacin ya wuce, sai a ɗebi ruwan da jaririn ke kwance ciki daga sati 15. Akwai haɗarin ɓari, ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Ana yi a cibiyar sikila da ke Idi-Araba a Legas, ga kuɗin gwaji ga na hanya.

Da na dawo na faɗa wa Hajiya, ta ce, "'Yar nan, ki bar wa Allah ikonsa, ba a leƙen abin da ya ɓoye." Na yi shiru don girmanta, amma ban yarda neman sani rashin tawakkali ba ne. Na ga ɗan Yayata mai sikila da sanyin hunturu, yatsunsa sun kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, yana kiran ƙafarsa har asuba, uwar na gasa masa tawul, uban na buga waya ana neman mai ba da jini. Wanda ya kwana a ɗakin nan ba zai zargi macen da ta nemi gwaji ba.

Maigida bai ja zance ba. Ya ce, "In aka ce SS ne, me za ki yi?" Na san malamai sun yi saɓani kan zubar da ciki kafin kwana 120, kuma ba na hukunta wadda ta bi fatawa bayan ta sha wuya. Ni dai ba zan iya ba. To in amsar ba za ta canza komai ba, don me zan kai allura kusa da cikin da nake so, ko da haɗarin kaɗan ne?

Mun tsaya a kan ba zan yi na allurar ba. Sikanin na sati 20 kuwa, wanda ake duba zuciya da kai da ƙashin baya, zan yi. Kuma ana haihuwa za a gwada jinin jaririn, ba sai ya fara ciwo ba. In SS ne a fara ba shi penisilin tun yana 'yan watanni, a cika masa rigakafi, ya kwana a gidan sauro. A awo na gaba zan tambaya ko asibitin na gwada jarirai, in ba sa yi su faɗa min inda zan kai shi.