Laraba: daga zanen Gruau zuwa teburin yanka

Aikin yau fitar da samfurin takarda na kwat da siket irin na gidan ɗinkin Dior na Faris na 1947, daga zanen mujalla. Wanda duk ya ɗora tef a kan irin wannan zane ya kwashi awo kai tsaye, ya yi asarar yadinsa. Tsawon mutum na gaske kusan tsawon kansa sau bakwai da rabi ne, amma masu zanen Faris na wancan zamani, irin su René Gruau, suna jan mace ta kai kai tara ko fiye, ƙarin duk a ƙafa da wuya, ƙugu kuwa a tsuke shi yadda haƙarƙari ba zai yarda ba. Abin da ake ɗauka a zanen siffa ce kawai: kafaɗa a zube, ƙugu a matse, kwankwaso a buɗe, siket ya sauka tsakiyar ƙwauri.

Ba don rashin iyawa suke haka ba, talla suke yi. Gruau da 'yan layukan tawada baƙa da ɗigon ja ya sayar wa Dior turare shekara da shekaru. Kuma gidajen ɗinkin Faris sun hana baƙi yin zane a wajen nuna kaya, don gudun masu kwafa. Ɗan kasuwar Amurka da ke son kwafa ta halal sai ya biya, a ba shi rigar gwaji ta akoko ko samfurin takarda.

Da hantsi na yanka gwajin a akoko. Buɗewar kwankwason kwat ɗin nan ba daga yanka kaɗai take zuwa ba, akwai ƙyalle mai tauri da ɗan ciko a ƙarƙashin shafi. In babu su, gindin kwat sai ya kwanta a jiki, ƙugu ya daina fitowa.

Siket ya fi cin lokaci, don cikakkiyar da'ira ake yankawa. Ƙugu santimita 70, a raba da 6.28, a sami kusan 11. Daga kusurwar takarda ake auna wannan a zana bakin ƙugu. Da tsawon 75, faɗin da'irar ya kai 172, ya fi ƙarfin yadi mai faɗin 150, dole a yanka rabi biyu, kusan mita uku da rabi ke nan. Ɓangaren da ya faɗo a karkace yana miƙewa, shi ya sa ba a kalmasa ƙasa a ranar. A rataye shi ya kwana, sannan a daidaita.

A nan ake gane dalilin da ya sa ɗinkin kanti ya sauya siffar kaya. Masana'anta ba ta da lokacin gwaji uku a jikin mace ɗaya. Lamba take bi, 38, 40, 42, tsakaninsu santimita 4 a ƙirji. Da la'asar na gwada ƙara lamba ɗaya: santimita 1 ga kowane kwata na samfurin. Kada a zuba shi duka a ɗinkin gefe, hammata za ta buɗe, dat kuma, wato ɗinkin tsuke da ke ba riga siffar jiki, ya kauce wa ƙirji. A rarraba shi, kafaɗa ta sami 'yan milimita kawai. Kwat mai matse ƙugu ba ya yafe kuskuren rabin santimita, rigar da ta sauko a sake kuwa za ta zauna wa mata goma.

Gaby Aghion, 'yar Iskandariyya ta Masar, ta gane haka da wuri, ta buɗe gidan ɗinkin Chloé a 1952 da riguna masu laushi marasa ciko. Mai tsara tufafi Pierre Cardin ya kai kayansa kantin Printemps a 1959, manyan gidajen ɗinki suka ga kamar ya zubar musu da daraja. Zuwa 1966 babban mai tsara tufafi Yves Saint Laurent da kansa ya buɗe Rive Gauche, shagonsa na ɗinkin kanti. A lokacin hoto ya riga ya ƙwace yawancin shafukan mujallu daga hannun masu zane, kuma a ganina ba abin mamaki ba ne: mai sayen lamba 40 tana son ganin yadda rigar take a jikin mutum.

Siket na rataye. Gobe kalmasa, da gyaran dat ɗin baya.