A Ƙafa Muka Ƙetare Gulbin Jibiya

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya bai kai tafiyar awa ɗaya ba, in don tsawon hanya ne, sai dai shingayen bincike kan ja ta ta yi nisa. Da bazara muka tafi ni da ƙanin mahaifina, shi zai duba gonarsa ta noman rani, ni kuwa ɗan rakiya ne.

Muna gangarawa gulbin Gada, wato gulbin Jibiya, na tarar babu ruwa ko na alwala. Rairayi ne shimfiɗe daga wannan gaɓa zuwa waccan, duk sawun amalanke da babura, ga masu tifa can suna lodin yashi. A tsakiya wata mata ta durƙusa tana tonon rami da ƙoƙo. Bai kai tsawon hannunta ba ruwa ya fara tsattsafowa. Ta kwashe na farko mai dauɗa ta watsar, ta jira ya kwanta, sannan ta shiga cika jarka, ƙoƙo bayan ƙoƙo, ba ta ko kallon mu.

Na ce, "Baffa, wai kwale-kwale yana bin gulbin nan kuwa?"

Ya yi dariya. "Kai dai ka dawo a watan Agusta, ka tsaya nan inda kake tsaye in ka isa."

Amma ko da damina ba hanyar jirgi ba ce. Ruwan kan zo ne a fusace bayan an yi mamako, ya cika gaɓa, kafin ka farga ya janye ya bar tudun yashi inda jiya rami ne. Mutanen garin ba su manta ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta zo cikin dare ta ci rayuka fiye da 40. Kwale-kwalen da na gani duk a tafkin dam ɗin Jibiya suke, na masunta, kuma iyakarsu ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hanyar da gulbin ya zaɓa. Teku na kudu, shi kuwa sai ya nufi arewa, ya tsallaka iyaka ba mai tambayarsa takarda. A Nijar ana kiransa Gulbin Maraɗi. Ya bi ta yankin Madarunfa, ya ratsa gefen Maraɗi da Tibiri, sannan ya karkata yamma ya komo Najeriya ya faɗa kogin Rima. Rima ta wuce dam ɗin Goronyo ta haɗu da kogin Sakkwato, wanda shi ma tushensa ƙasar Katsina ne, wajen Funtuwa. Daga nan sai Argungu, sai Birnin Kebbi, sai Kwara. Sai can ƙasa ne ruwa ke da zurfin da zai ɗauki jirgi mai kaya.

A ganina wannan gulbi hanyar ƙafa ya fi zama. Kwarinsa ne ya karɓi sarakunan Haɓe na Katsina bayan jihadi, suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can.

Mun iske yaran Baffa sun kafa injin ban ruwa a bakin fadama, bututu na tofar da ruwa cikin kwamin albasa. Bai ko zauna ba ya hau tambayarsu lita nawa ta fetur suka ƙona tun safe.