Yarinyar cikin waya ta haɗiye riɗi

Juma'a. Hazo tun asuba, sola ta ƙi cika batir har wajen sha ɗaya. Koko da ƙosai a wajen Inna, sai ofishin ƙungiya.

Daren jiya na ɗora farashin kasuwar Maigatari a kan layin wayar da manoma ke kira su ji farashin amfanin gona, kamar kowace Alhamis. Yaya ya aiko da abin da kasuwa ta ci, Auta ta karanta, na ɗora, na kwanta ina jin kaina gwani. Ban kira layin na saurara da kunnena ba.

Ana saukowa daga masallaci Kawu ya tare ni a gindin darbejiya, ya miƙo min ƙaramar wayarsa mai roba ɗaure a ƙugu.

"Kai ɗan nan, yarinyar nan taku ta cikin waya azumin magana take yi?"

Ya fi kowa sanin muryar Auta ce, amma bai taɓa yarda ya kira ta da sunanta ba in tana cikin waya.

"Me ta yi, Kawu?"

"Na danna ɗaya ta ce gero. Biyu, dawa. Uku, wake. Da na danna huɗu sai ta ce 'farashin', ta haɗiye yawu, ta ce 'a Maigatari'. Farashin me? Jaki? Ga dillali zai zo min da yamma, buhu uku na jingine a zaure, ni kuma ba na sayar da riɗi a kan ƙila."

Mutane suka kwashe da dariya. Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Kawu, kafin la'asar za ta yi magana." Ya ce shi dai ya san tun da aka cire zakaran nan abubuwa suka lalace.

Zakaran kuwa gaskiya ne. A tsohon sautin riɗi, daidai inda Auta ta buɗe baki zakaran Gwaggo ya yi cara, kuma haka manoma suka yi ta jin sa tun damina. Jiya na ce ya isa. Muka shiga ɗaki, muka toshe taga da bargo, ta sake faɗa. Na juya shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, yadda layin waya yake so: fayil ɗin sauti irin WAV, hanya ɗaya, zubin 8,000 a daƙiƙa maimakon 44,100 irin na waƙa. Har nan babu kuskure. Sai na zo sa wa fayil ɗin suna, hannuna ya rubuta riɗi, da ɗ mai lanƙwasa kamar yadda aka koya mana a firamare, na goge tsohon. Shi kuwa tsarin kira ridi yake nema, da d marar lanƙwasa. A idon na'ura waɗannan kalmomi biyu ko unguwa ba su haɗa ba. Ya duba, bai samu ba, ya tsallake ya ci gaba.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Abin da ya cinye min yamma shi ne jakar fayilolin da na buɗe na kalla da kyau, kamar mai leƙa ƙarƙashin gadonsa. Ga ridi_sabo, ga ridi_sabo2, ga ridi_na_karshe, ga wani Ridi da babban baƙi, wanda Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ke ɗauka wani abu ne daban. Ga saƙonnin WhatsApp da Yaya ke turowa, ɗanyu, ba a juya su ba, sun kwanta tare da gyararru. Duk ni na tara su.

Na raba gida uku: ɗanyen sauti, gyararre, da wanda ke kan layi yanzu. Sunayen fayiloli kuma ƙananan baƙaƙe zalla, babu masu lanƙwasa, babu sarari a tsakanin kalmomi, farashi kuma da kwanan wata a gabansa. Ba zan sake goge tsoho ba sai sabo ya kwana a kan layi.

Daga nan raina ya fara ɓaci. Ni da nake damun mutane a Facebook kan su bar rubuta kasa a madadin ƙasa, yau na zauna ina yi wa kalmomi aski ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba zan ɗora wa na'ura ba, tana iya karanta ɗ in an ba ta iri ɗaya a wuri biyu. Matsalar ita ce kwamfutar sakatare ba ta da waɗannan baƙaƙe, kuma ran da na yi zazzaɓi shi zai ɗora farashi. Ɗaya da huɗu da ɗari sun tsira, na mai da su 1, 4, 100. Amma sautin da ke cewa "don ƙara saurare" yanzu sunansa kara, kamar abin da ake yin danga da shi. Na daɗe ina kallon sa.

La'asar saura kaɗan na hau tudun bayan makaranta inda sabis ya fi kamawa, na danna huɗu. Ta ce riɗi, sarai, da ɗ ɗinta a baki.

Tuwon dawa miyar kuka. Fitila ta mutu da wuri.

Bayan isha'i Kawu ya aiko jikansa. Wai ya ji, ya ƙi sayarwa, sai wani mako. Wai kuma in ba wahala a mayar masa da zakaran.

Na goge shi jiya.